Masarar da Kaji Suka Ƙi Ci

Da hantsi ne, rana ta riga ta hau tana gasa ƙeya. Bazara ta kai tsakiya, iska ba ta motsi, an daɗe rabon ƙasa da ɗigon ruwa. Mai Sawu yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya aka zo aka ce masa ya taso, an fasa sito.

Siton nan na mutanen unguwa ne gaba ɗaya. Tun shekarar da ɓeraye da ƙwari suka cinye musu rabin abin da ke rumbunan gida suka haɗa hannu suka gina shi da siminti. In an gama girbi kowane gida ya kawo masararsa, ya ɗinke bakin buhu da tsumma mai launin gidansu. Kafin buhu ya shiga sai Mai Faifai ta ɗauki ƙwaya ta ciza. In ta ce ƙas, ta bushe, ta shiga. In haƙori ya nutse, a koma shanya. Daga nan a rufe ƙofa, ba mai sake leƙawa sai abincin gidaje ya ƙare, na kasuwa kuma ya fi ƙarfin talaka. Makulli yana hannun dattijon da kowa ke kira Kawu, wanda a wajen Mai Sawu kawu ne na gaske, wan mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi bayan rasuwarta. Yau ce ranar buɗewa.

Ya tarar da mutane cike da ƙofa, masu baro da masu kwando, ga jakin Kawu ɗaure a jikin turke yana kaɗa kunne. Mai Sawu ya tsaya daga nesa ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Shekarunsa nawa yana bin sawun shanun sata, bai taɓa samun wurin da mutane suka bar masa ƙasa ta yi magana ba.

"Ku ja baya, don Allah," ya ce a hankali. "Neman ɓarawo kuka zo ko share masa hanya?"

An ɓamɓare ƙarfen da ake rataya kwaɗo. A ciki, layin buhunan da ke jikin bangon ƙurya ya tafi gaba ɗaya. Har da masu shuɗin tsumma, na Mai Sawu ke nan. A gida matarsa tana shayarwa, jiya da ta ɗebi gari sai da kwano ya goge gindin tukunya.

"Wane bincike kuma?" in ji wata mai goyo. "Gidan wa ke bayan sito? Ku je ku ga masara warwatse a ƙofarta. Duk unguwar nan 'ya'yan wa ne ba su rame ba?"

Mai Faifai take nufi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da sheƙe wa mutane hatsi take riƙe su. Tana tsaye gefe, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Au, rashin ramewar ne laifin?" ta ce. "To ku zo ku matse su ku ɗebi naku."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce a shiga gidanta, wani ya ce a raba buhunanta ga waɗanda aka yi wa asara. Aka juya ga Kawu. Ya daɗe yana murza makulli a hannu kafin ya yi magana, kuma bai dube ta ba.

"Ba na son rigima. A ba Mai Sawu zuwa la'asar. In ba a ga kaya ba, abin da jama'a suka yanke shi ke nan."

Mai Faifai ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta ratsa mutane ta shiga sito, ta hau kan buhunanta masu koren tsumma ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Wanda ke son su," ta ce, "ya fara ɗauke ni."

* * *

Da mutane suka ragu Mai Sawu ya shiga ya tsuguna nesa da ita kaɗan.

"Yaya, masarar da ke ƙofarki fa?"

"Ladan aikina ce. Abin da faifai ya zubar, tsaki da ƙaiƙayi, shi nake sharowa in sake sheƙewa in tsince. Abin da kuke takawa ku wuce shi ya hana 'ya'yana rama. Kai ma ka sani, tambaya ce kawai ta kama ka."

"Ba ki ji motsi ba?"

"Na ji zakara, na ji jaki, na ji tsohon nan na kusa da ni yana tari kamar zai fito da hanjinsa. Wanne zan kama maka?"

Ya yi murmushi. Ya tashi ya je wajen da aka kwashe buhunan. An baɗe wurin da toka. Ba abin mamaki ba ne, suna zuba toka saboda ƙwari, sai dai wannan ta yi kauri. Ya sa babban yatsan ƙafa ya kau da ita, ya ga siminti ya yi baƙi. A bakin taga kuma ya ga ƙusoshin da aka zare daga ƙofa, an tara su wuri ɗaya ba a watsar ba. Ya dube su, ya bar su inda suke.

"Ka samu wani abu?" ta tambaya.

"Tukuna."

"To ka yi sauri. Buhu ba katifa ba ne."

* * *

A gefen sito akwai sawun ƙafar amalanke da mutane ba su tattake ba. Ya bi shi har gindin bishiyar da Mai Amalanke ke hutar da shanunsa. Ya same shi kwance, ya rufe fuska da hula.

"Na san za ka zo," in ji shi daga ƙarƙashin hular. "Ko allura ta ɓata a unguwar nan sai an ce a duba amalanke. Zo ka laluba, watakila na haɗiye su."

"Me ka ɗauko ta gefen sito?"

"Yashi, ranka ya daɗe. Na kai wa mai ginin katanga. In yashi ake ci yanzu, to ni ne mai kuɗin unguwa."

Mai Sawu ya koma ya sake duban sawun. Ƙafar ta nutse a hanyar zuwa, ta yi sama-sama a hanyar komawa. Da kaya ya zo, fanko ya tafi. Ya dawo ya ce masa ya yi haƙuri.

"Haƙuri kyauta ne, kawo." Mai Amalanke ya ɗaga hula, fuskarsa ba dariya yanzu. "Nawa ma suna cikin waɗanda suka tafi, ka sani. In ba a gan su ba, sai in sayar da sa ɗaya in ja amalanken da wuyana. Ka leƙa wajen Mai Inji. Kwanakin nan injinsa ba ya rufe baki, ni kuwa ban san hatsin wa yake niƙa ba a wannan lokaci."

* * *

Mai Inji ya kashe inji, ya fito fari fat har gashin ido. Da ya ji abin da ya kawo Mai Sawu sai ya jawo wata ƙwarya ya ajiye masa a gaba.

"Duba da kanka."

Masara ce manya-manyan ƙwayoyi, zaɓaɓɓu, an ji ƙanshin hayaƙin madafa a jikinsu.

"Iri ne," in ji Mai Sawu.

"Iri ne. Wanda suka rataye don shuka, shi suke saukowa da shi. Suna cewa a yi maneji zuwa ranar buɗe sito. To an buɗe. In ruwa ya sauka me za su binne, yatsunsu? Jiya wata ta kawo wanda bai cika tafin hannu biyu ba, yaron da ke bayanta wuyansa kamar zare. Na niƙa mata na ce ta tafi." Ya juya ya daka wa kaji tsawa. "Kai! Shegun kaji! Su kaɗai ke ƙiba a unguwar nan. Ƙwaya ba ta isa ƙasa sun cafe."

Mai Sawu ya fito ransa ba daɗi. Rana ta raba tsaka, bai riƙe komai ba sai toka da ƙusa. Maimakon ya bi babbar hanya sai ya zaga ta 'yar siririyar hanyar da ke bayan sito, wadda ba kowa ke bi ba saboda ƙaya.

Nan ya ga wata kaza da 'ya'yanta suna tono. Ya kusa wucewa, sai ya ja ya tsaya. Ga ƙwayoyin masara a fili kusa da ƙafarta, ita kuwa tana tonon busasshiyar ƙasa. Ta ɗauki ɗaya, ta yar, ta goge baki.

Ya tsuguna ya ɗauka. Ƙwayar ta yi baƙi-baƙi da funfuna, tana wari. A gindinta ga wani ɗan busasshen abu kamar gashi. Tsiro ne. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi ƙasar da ta tsattsage don ƙishi. Ba a nan ta tsira ba. Da tsironta ta faɗo.

* * *

Daga nan ƙasa ta fara ba shi labari. Sawun jaki ne, ba na rana ɗaya ba. Wani ya tsufa iska ta cinye bakinsa, wani ya hau kansa, wani na jiya ne. Kashin jakin ma haka, wani ya zama gari, wani da sauran danshi. Jakin yana jan ƙafar baya ta hagu. Mai Sawu ya tsaya ya daɗe. Shi ya ɗaure wa jakin nan na Kawu ƙafa da hannunsa lokacin da ya faɗa rami.

Ya so ya juya, ƙafarsa ta ci gaba.

Sawun ya ƙare a tsohon kududdufin da aka haƙa ƙasar gini, wanda ya ƙafe tun farkon rani. An tara karare a ƙasansa. Ya sauka ya ɗaga, wari ya buge shi har sai da ya kau da kai. Buhuna ne jibge. Ga shuɗin tsumma, ga rawaya, ga fari, duk sun yi baƙi ta gefe ɗaya, gefen da ya jingina da wani. A can ƙasa kuma ga waɗanda suka fi lalacewa, sun dunƙule sun zama kamar dutse, saiwoyi sun huda buhun sun fito sun bushe. Bakinsu ɗinke da jan tsumma, launin gidan Kawu.

Ya yanke tsumman ya sa a aljihu. Ya hau ya zauna a bakin rami. Bai daɗe ba ya ji takun da ya sani a bayansa.

"Ɗana," in ji Kawu.

"Na'am, Kawu."

Tsohon ya zauna da ƙyar. Ya ce ruwan ƙarshe ne ya doki masararsa ta biyu a wajen shanya. Ya kawo, Mai Faifai ta ciza ta mayar da shi a gaban mutane, shi mai riƙe da makulli. In ya kai gida ɓeraye ne za su ci. Sai ya ga ai ɗaki ne mai sanyi, za ta ƙarasa bushewa a ciki. Bayan an rufe ya dawo ya cusa su a tsakiyar layin ƙurya. Ranar da ya leƙa ya sa hannu a tsakanin buhuna, zafi kamar murhu, ta riga ta kama na maƙwabta. Sai ya riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan da sassafe. Da ranar buɗewa ta zo bai ga abin yi ba sai ya ɓamɓare ƙofa.

"Ban ce Mai Faifai ce ta ɗauka ba. Ka ji na ambaci sunanta?"

"Ba ka ambata ba. Ba ka kuma hana ba."

"Ka ce sawu ya ɓace a kan dutse. Ai yana ɓacewa. Ita kuma zan riƙa kai mata abinci ba wanda ya sani, wallahi ba za su kwana da yunwa ba."

"Ta ci a ɓoye, 'ya'yanta su tashi a fili ana ce musu 'ya'yan ɓarauniya?"

"Ni na riƙe ka!" Muryar Kawu ta tashi. "A cinyata ka yi wayo. Ni na fara nuna maka bambancin sawun akuya da na tunkiya. Yau ni za ka tsayar a gaban unguwa da furfurata?"

Mai Sawu ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. Bai ɗaga murya ba.

"Duk gaskiya ne, Kawu. Ka ce in noma maka gonarka bana ni kaɗai, zan noma. Ka ce in raba abin da ya rage mini da gidanka, zan raba. Amma ban taɓa cewa sawu ya ɓace alhali ina ganinsa ba, ba kuma zan fara a kan matar da ba ta da mai tsaya mata ba. Zan ba ka fili ka riga ni magana. Iyakar abin da zan iya ke nan."

* * *

Da la'asar ƙofar sito ta sake cika. Mai Faifai tana nan kan buhunanta, ta ƙi ko sauka shan ruwa don kada a ce ta tashi. Mai Sawu ya kira Mai Amalanke da Mai Inji suka tsaya gaba, ya ce kowa ya ji, ya bi su ya duba, ba ruwansu.

"Yauwa, ka faɗa da ƙarfi," in ji Mai Amalanke. "Surukata tana can baya, kunnenta ba ya jin alherina."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Mai Sawu ya dubi Kawu, ya jira. Tsohon yana tsaye riƙe da makulli, bakinsa a rufe. Da jiran ya yi tsawo sai ya roƙi Mai Faifai ƙwayoyi kaɗan daga buhunta, ya watsa a ƙasa. Kajin da ke yawo a wurin suka rufa a kai, kafin ƙiftawa babu. Ya zaro baƙaƙen da ya tsinto a bayan sito daga aljihu ya watsa. Suka rugo, suka ɗaga suka yar, suka watse.

Ya miƙa wa mai goyon nan ɗaya. "Me kika gani a gindinta?"

Ta juya ta. "Tsiro."

"Yaushe rabonmu da ruwa?"

Ya karɓi ƙwayar ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Busasshiyar masara ba ta tsira a buhu. Wannan da danshinta ta shiga sito, ta yi zafi, ta ruɓe, ta ruɓar da na kusa da ita. Ba wanda ya ci abincinku. Yana can a kududdufi, kowa ya je ya gane tsummansa." Ya juya wajen ƙofa. "Yaya, masarar wa kika mayar bana?"

"Mutum ɗaya na mayar," ta ce daga kan buhu. "Kuna nan duka. Har wasunku suka ce ba ni da kunya."

Mai Sawu ya zaro jan tsumma ya ajiye a ƙasa. Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya sunkuya a hankali ya ajiye makulli kusa da tsumman.

"Haka ne," ya ce. Ya juya ya kama hanyar gida, aka buɗa masa.

Sai ihu ya tashi a bayansa. Mai goyo ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, don da ɓarawo ne ana sa ran a ƙwato wani abu, amma wa zai ƙwato daga rami? Aka yanke a raba busassun buhunan Kawu na girbin farko ga waɗanda aka yi wa asara. Kowa ya san ba za su rufe ramin ba, kuma akwai jikoki a gidan tsohon.

Sai a lokacin Mai Faifai ta sauko, ƙafarta ta sage har ta dafa bango. Mai goyo ta taso tana share ido.

"Yaya, ki yafe mini, yunwa ce ta..."

"Riƙe abinki. Da la'asar ɗin nan ta yi ba a je kududdufi ba, da yanzu kina niƙa nawa." Ta dubi sauran. "Ku kuma ku ji. Ba zan sake ciza wa kowa masara ba in za a rufe ƙofa a tafi kamar an binne gawa. A riƙa buɗewa, a sa hannu a tsakanin buhuna, a juya su. Makulli kuma ya zama biyu. In ba haka ba kowa ya ciza da haƙoransa."

Ba wanda ya musa. Ta wuce ta gaban Mai Sawu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka daɗe," ta ce.

Mutane suka ɗebi abin da ya samu suka watse. Mai Sawu ya ɗauko ƙusoshin nan daga bakin taga ya mayar da ƙarfen ƙofa. Da ya gama ya juyo sai ya ga jakin Kawu yana nan a turke tun safe, kansa a ƙasa, harshe ya bushe. Mai Faifai ta fito daga gida da bokiti ta ajiye masa. Da ya shanye ta ɗauko wani ƙullin masara a tsohon zane, ta ɗaure a bayansa ta ja igiyar da ƙarfi.

"Na jikokin Kawu ne," ta ce. "Ba nasa ba." Ta ɗauki bokitinta ta shige.

Mai Sawu ya kwance jakin ya ja shi, jakin yana jan ƙafarsa ta hagu. A ƙofar gidan Kawu ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya sake. Can matar Kawu ta leƙo, ta dube shi, ta dubi ƙullin. Ta kwance shi ta shiga da shi, ta turo ƙofa.

Ya ɗaure jakin a inuwa, ya zuba masa harawa, ya kama hanyar gida.